Tsohuwar bindigata .22 tana riƙe kwanso, na rasa ta inda zan kama

Salama alaikum ƴan uwa maharba. Ina Tahoua, ina da tsohuwar bindiga ƙirar Marlin 60, mai cin ƙaramin harsashi .22 LR, mai ɗora harsashi da kanta, takardunta cikakku. Tun hunturu take ba ni wahala: in na harba, kwanso ba ya fita waje, sai ya maƙale a tsaye bakin ƙofar da yake fita, sabon harsashi ya taho ya cije ƙarƙashinsa. Wani lokaci ma kwanson cikin bututu yake zama, sai na sa tsinken ƙarfe na turo shi ta baki.

Na kwance ta na wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, baƙin datti haɗe da ƙura ya fito kamar kwalli, na ɗiga man keken ɗinki kaɗan, na canza harsashi zuwa mai ƙarfi, duk banza wallahi. Abin da na lura, gefen ramin da harsashi ke shiga akwai ɗan lotsi daidai inda allurar da ke dukan gindin harsashi ke bugu, kuma kwansunan suna fitowa da karce wuri ɗaya.

Wannan lotsin ne ke riƙe kwanso, ko ƙugiyar da ke fizgo shi ce ta cinye?