Kamun Kifi a Tafkunan Bakin Teku Lokacin Hunturu: Abin da Masunta Suka Ce

A wata tattaunawa da masunta suka yi kan yadda ake kamun kifi a tafkunan bakin teku lokacin sanyi, kusan duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa sammako ba ya biya a hunturu. Kifi jikinsa na bin zafin ruwa, idan ruwa ya yi sanyi sai ya yi la'asar, ya koma ramuka da magudanai masu zurfi ya lafe. A bari rana ta ɗaga. Wajen azahar, wuraren da ƙasansu baƙar laka ce sukan riga na yashi ɗumi, nan kifi ke fitowa kiwo.

Sun fi daɗewa kan tsabtar ruwa. Sanyi na rage gansakuka, ruwa ya yi garau, kifi ya hango mutum tun daga nesa. Don haka zare siriri, jifa mai nisa, a kashe inji a tura kwalekwale da gora. Koto kuwa ƙarami, a riƙa jansa a hankali, har mai fatsa ya ƙosa.

An yi saɓani kan jatan lande mai rai da koton roba. Ni dai na fi karkata ga mai rai a ranar da sanyi ya tsananta.

Wani ya ja kunne: iska mai ƙarfi kan kore ruwa daga tafkin, kwalekwale ya kafe a taɓo. A duba lokacin janyewar teku kafin a fita.