Waɗanda suka yi sakandare a Amurka: wane suna ake kiran makarantarku a filin wasa?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina kwashe tsofaffin kaya na ci karo da rigar wasannin makarantar da na yi shekara ɗaya cikinta a Ohio, lokacin musayar ɗalibai ta YES. Sunanta Shenandoah, amma a fili Zeps ake ce mana. Na ɗauka wata dabba ce, ashe gajarta sunan Zeppelin aka yi, jirgin nan mai kama da ƙatuwar balan-balan. Wani irinsa na sojan ruwan Amurka guguwa ta yayyaga a yankin ranar 3 ga Satumba, 1925, mutum 14 suka mutu. Shi ne makaranta ta ɗauki sunansa. Na ce wa uban masaukina, mu a wajenmu inda aka yi rashi addu'a ake yi a wuce, ba a buga shi a riga. Ya ce ai da ba su yi haka ba da tuni an manta da mamatan. Na rasa amsa. Ku fa?

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Yaya, taka mai sauƙi ce. Ni Richland na zauna, a jihar Washington, sunanmu Bombers, wato masu jefa bam. Tambarin kuma hayaƙin nan ne mai tashi kamar laima bayan fashewar bam ɗin nukiliya. A masana'antar Hanford da ke kusa da garin aka sarrafa sinadarin bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki a 1945. Wasu 'yan garin suna cewa a'a, sunan daga wani jirgin yaƙi ne da ma'aikata suka saya wa soja da ladan aikinsu na kwana ɗaya a 1944, har hotonsa an zana a bango. Musun bai ƙare ba har na taho. Kakannin ƙawayena duk a Hanford suka ci abinci, don haka ban taɓa tsoma baki ba, ni da nake baƙuwa. Na dai zaɓi riga mai jirgin, na bar mai hayaƙin.

Bazazzagi: Little Falls, Minnesota. Flyers, wato matuƙa jirgin sama, saboda Lindbergh da ya tsallaka tekun Atlantika a jirgin sama shi kaɗai a 1927, a garin ya tashi. Ba wata rigima, sai sanyi.

Ɗan Gwammaja: Maman Iman, wallahi da ni ne haka zan yi.

Na Tudun Wada: Ba zan faɗi sunan tamu ba don kunya. Ranar Juma'a kafin wasa ake tara kowa a ɗakin motsa jiki, a yi ta ganguna da ihu, kamar Sai Masu Gida sun ci kofi. Ni aka lallaɓa na shiga kayan dodon makaranta: ƙaton kan matuƙin jirgi na soso, da tabarau da gyale, sai ka ce ɗan tashe. Ta bakin dodon ake leƙe, ba ka ganin ƙasa. Ga shi ina azumi ban gaya wa kowa ba. Na buɗe hannuwa ina kwaikwayon jirgi, na yi tuntuɓe da ganga, kan ya gangara gefe guda. Suka ɗauka cikin wasan ne, aka yi ta tafi.

Maman Iman: Ƙanina, azumin dai ya kai magariba?

Na Tudun Wada: Ya kai, Yaya. Da ƙyar.