Jip ɗin Alhaji na rawa, kuma gobe bayan gobe tahiya Yamai

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara da gaggawa. Ni direba ne nan Maradi, motar maigidana Lexus LX 570 ce ta 2013, tun da anka kawo ta daga Kwatano ba ta taɓa yi min haka ba. Shekaranjiya munka dawo daga Damagaram, mai ya kusa ƙarewa wajen Tasawa na sha na ruwa-ruwa, man kwalba na bakin hanya, lita 20, da munka iso na kai ta wanki yaron ya buɗe kapo ya fesa ma inji ruwa da ƙarfi. Da safe ina tada ta sai rawa, sitiyari har kujera, in na taka wuta sai ta riƙa sarƙewa kamar mai tari, lampar inji ta kan tablo tana ƙyaftawa, salansa kuma warin ɗanyen isansi. Wani makaniki ko buɗewa bai yi ba ya ce a canza bobin, masu ba buji (fulogi) wuta, duka takwas. Alhaji bai sani ba tukuna kuma alhamis shina son mu tahi Yamai. Mi zan yi?

Ogan garaji: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, kashe ta ka aje. Lampa in ta tsaya cak ana iya lallaɓawa zuwa garaji, amma in tana ƙyaftawa to akwai silindar da ba ta cin wuta, man da bai ƙone ba shina wucewa cikin katalizar, mai tace hayaƙi a salansa, ya ƙone can ciki har ya narkar da ita, kuma kuɗin katalizar ya ninka na bobin nesa ba kusa ba. Yamai ta fi kilomita 600, kar ka soma.

Shi wanda ya ce a canza takwas barka dai, duba ya yi ko istihara? A sa mata balis tukuna, na'urar da ke karanta lambar ciwon inji, wurin jonawa na nan ƙarƙashin sitiyari. In ta ba da P0301 zuwa P0308, lambar ƙarshe ita ce silindar mai ciwo. A injin nan 1, 3, 5, 7 suna gefen direba, 2, 4, 6, 8 ɗaya gefen, ana ƙirga daga gaba. Sai ka cire bobin na wadda ta nuna ka musanya da ta kusa, a goge lambar a tada. In lambar ta bi bobin, shi ne. In ta tsaya inda take, a musanya buji. In har yanzu ba ta gusa ba sai a koma kan anjektar, daga nan awon kompresiyo. Aikin minti talatin ne kuma ba ka sayi komi ba.

Tsohon direba: Ni dai ɗana man nan nike zargi. Shekara da shekaru ina bisa hanyar nan, na ga kwalbar da ruwa ke kwance ƙasanta, na ga wadda anka garwaya da kananzir. Babbar mota ba ta son haka, ba kabu-kabu ba ce.

Ogan garaji: Baba gaskiyarka, shina faruwa, amma gurɓataccen mai ba shi zaɓen silinda ɗaya, duka shike taɓawa, sai ka ga P0300, lambar da ba ta nuna silinda guda, ko lambobi barkatai. Kuma ya taho tun daga Tasawa lahiya lau, sai bayan wanki. Ni na fi zargin ruwa ya shiga ramin buji. Kowane bobin bisa bujinshi yake zaune cikin rami mai zurfi, in robar ta tsufa ta tsage ruwa ya sauka sai wutar ta riƙa tsallakewa gefe.

Mai piyas: In ta kai ga buji don Allah kar a sa mata na arha. Iridiyom take ci, Denso SK20HR11, kuma jabu sun cika kasuwa kwalinsu har ya fi na gaske sheƙi. Na gaske kan kai wajen kilomita 190,000, to motar 2013 in ba a taɓa canzawa ba ai sun ci lokacinsu, a canza takwas ɗin gaba ɗaya. Buji kenan na ce, ba bobin ba.

Wata 'yar group: Malam ka faɗa ma Alhaji yau, gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin mota a tsakiyar dajin Dogon Dutsi.

Mai tambaya: To 'yan uwa ga yadda ta kaya. An sa balis ta ba da P0305 kaɗai. Da munka zare bobin na 5 ramin cike da ruwa, ga kuma ɗan baƙin mai a ƙasa, robar ta tsage har da farin layi inda wuta ke bi. Munka busa iska ya bushe, munka mai da bobin ɗin kan 3, sai lamba ta koma P0303. Guda ɗaya na saya. Yanzu tana tsaye shiru ko da klim a kunne. Na faɗa ma Alhaji batun wankin, ya yi faɗa kaɗan ya huce, na ruwa-ruwa ne dai ban iya furtawa ba.

Ogan garaji: Madalla. Amma baƙin man nan da ka gani kar ka manta da shi, juwan ɗin murfin inji ne, robar da ke hana mai yoyo, ya fara zuba, man ne ya cinye robar bobin tun farko, ruwan ƙarasawa kawai ya yi. In ba a canza ba sabon ma haka zai bi. Kafin alhamis ka zagaya da ita zuwa Tibiri ka dawo, a sake sa balis a gani ko lambar ta dawo, ka kuma duba filtar iska tunda ƙurar hunturu ta fara. In kun dawo daga Yamai ka kawo ta a yi juwan da bujin rana ɗaya.

Tsohon direba: Ka cika tankin a gidan mai tun daga nan, ka ƙara a Ƙonni.