"Yaƙi ɗan zamba ne": wa ake yi wa zambar?

Malamin Hausa: Jama'a, ina neman fahimtarku kan wannan karin magana, domin duk lokacin da aka kama kakakin soja da faɗin abin da ba haka yake ba, sai wani ya ce ai yaƙi ɗan zamba ne. A ganina, abokin gaba ake yi wa zambar, ba talakan da ya kasa kunne a rediyo yana jiran labarin garinsu ba.

Tsohon Soja: Malam, rediyon da talaka yake saurare, shi abokin gaba yake saurare. A watan Janairun 2019 sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri saboda labarin da ta buga kan shirin ƙwato Baga. An yi tir da matakin, amma wanda ya taɓa tafiya cikin ayarin da ake tsoron a yi masa kwanton ɓauna ya san abin da fallasa shiri yake jawowa.

'Yar Zazzau: Ranka ya daɗe, ɓoye shiri daban, shara ƙarya daban, kuma na farkon kaɗai karin maganar ta rufa wa asiri. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kuɓutar da su in ban da takwas, sai shugabar makarantar da iyayen yaran suka ƙaryata a gaban 'yan jarida, aka janye sanarwar. Wace zamba aka yi wa Boko Haram a nan, alhali yaran suna hannunsu? Haka aka ba da labarin mutuwar Shekau a 2013 da 2014, yana fitowa a bidiyo yana dariya, shi ya sa da ya mutu da gaske a Sambisa a 2021, mutane da yawa suka ce sai sun gani.

Malamin Hausa: Hajiya, ke nan "ramin ƙarya ƙurarre ne" ta fi dacewa da wannan.

Tsohon Soja: Na yarda da batun Chibok, babu mai kare shi. Sai dai ku ma ku yarda cewa jaridar da take sa harin 'yan bindiga a shafin farko, ta kai labarin garin da aka ƙwato can ciki, ita ma tana rage wa kwamanda ƙima a idon jama'a ba tare da ta yi ƙarya ko ɗaya ba.