Tambaya kan zana akwatin 'yan Shaker da fentin ruwa

Hadiza: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina zana kayan aikin 'yan Shaker, wata ƙungiyar Kiristoci mabiyan Ann Lee da suka bar Ingila zuwa Amurka a 1774, musamman akwatinsu mai siffar ƙwai da tsintsiyarsu mai faɗi. Sauƙin kayan ne ya ja hankalina, amma da na gama sai in ga zanen ba shi da rai. Shin in ƙara masa labule ko furanni a baya?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ina roƙonki kada ki ƙara komai. Mutanen da ke rataye kujerunsu a bango domin shara ta yi sauƙi ba su bar wa ado gurbi ba, kuma a ganina rayuwar akwatin tana wajen haɗinsa, wato inda bakin katakon da aka lanƙwasa ya zama gefen akwatin ya hau kan ɗaya bakin. Dubi 'yan yatsun katakon nan masu kama da wutsiyar tsattsewa, waɗanda aka dasa da ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe: an yanka su haka ne domin katakon ya kumbura ya kuma tsuke da sauyin yanayi ba tare da ya lanƙwashe ba. Idan kin ba wa siririyar inuwar da ke ƙarƙashin kowane yatsa haƙƙinta, akwatin zai tsaya da kansa. Ki nemi zane-zanen Index of American Design, aikin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa daga 1935 zuwa 1942, wanda ke ajiye a gidan adana zane-zane na National Gallery of Art a Washington. Masu zanen sun ajiye kayan Shaker a kan farar takarda zalla, kuma ba ka jin wani abu ya ragu.

Nura: Malam ya yi gaskiya, sai dai ina zargin fentin ma yana da laifi. Anti Hadiza, ki tsinka launin ruwan ƙasa sosai, ki shafa sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, ki kuma bar hasken murfin ya zama farin takardar kanta. A lokacin hunturu ki ɗan jiƙa takardar tukuna, domin iskar tana busar da fentin kafin burushi ya kai ƙarshen gefen.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Lallai shafi ɗaya mai kauri nake yi, kuma ƙusoshin ɗigo kawai nake sa musu. Gobe zan zana haɗin kaɗai, babba, kafin in koma kan akwatin duka.