Kifi na mutuwa bayan ruwan farko: guba ce ko me?

Bakin Gaɓa: Salamu alaikum jama'a. Me ke sa a wayi gari bayan ruwan farko na damina a ga kifi birjik ya taso ciki sama a kogunan da ke kusa da birni? Masunta na cewa guba aka zuba. Ta yaya za a tantance?

Mai Awon Ruwa: Wa alaikumus salam. Malam, galibi babu wanda ya zuba komai, iska ce ta ƙare wa kifin. Duk rani kwatoci na tara ƙazanta: jini da tumbin mahauta, kashin dabbobi, ruwan masai, ragowar takin zamani. Ruwan farko sai ya kwashe su tashi ɗaya ya juye a kogi. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazantar nan oksijin suke ci, wato iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, kuma lokacin zafi ne, ruwan ɗumi bai riƙe iska sosai: a digiri 30, iyakarsa wajen miligiram 7.5 a lita. Kifi na son 5 zuwa sama. Ya sauka ƙasa da 2, sai gawa.

Ka lura da lokaci. In da asuba suke mutuwa, kana ganinsu sun yi cirko-cirko a saman ruwa suna buɗe baki, to ƙarancin iska ne, don gansakuka da rana take ba da oksijin, da dare ita ma sha take yi. Manyan kifi ke fara tafiya, irin su giwan ruwa. Tarwaɗa da gaiwa kuwa ko a jikinsu, suna iya shaƙar iskar sama.

Hajiyar Lambu: Gaskiya ne, amma kada a wanke guba gaba ɗaya. Ita alamarta daban: ƙanana ke fara mutuwa, ba ruwanta da dare ko rana, kifin na juyi yana karkarwa, kuma za ka tarar da kwaɗi da ƙaguwa da ƙwarin ruwa a cikin gawarwakin. Har tarwaɗa ba ta tsira. Hanyarta biyu ce: mai feshi ya wanke tankinsa a bakin kogi, ko wani ya zuba maganin ƙwari da gangan don ya kwashi kifi a sauƙaƙe, kamar yadda aka daɗe ana yi da Gamalin. Sinadarinsa lindane, tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta sa shi cikin haramtattu, saboda ba ya saurin lalacewa, kitse yake shiga ya zauna. Zalɓe ya ci kifi ɗari, ya tara gubar ɗari. Haka maganin ƙwari DDT ya yi wa tsuntsaye masu cin kifi a Amurka kafin a hana shi a 1972: ɓawon ƙwansu ya yi sirara, uwa ta kwanta a kai ya fashe.

Ɗan Majema: Hajiya, a Kano akwai na uku. Jimar zamani da farar ƙasa da sinadarin salfaid ake cire gashi, sannan a jeme da gishirin kuromiyom, shi ke sa fata ta yi shuɗi-shuɗi. In ba a tace ruwan ba, na masana'antun unguwannin Challawa da Sharaɗa kogin Challawa yake faɗawa, na Bompai ya bi rafin Getsi zuwa kogin Jakara. Salfaid nan take yake kisa, warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai. Kuromiyom kuma laka yake kwantawa, inda kurungu ke kiwo, ambaliya ta zo ta sake tayar da shi. Ruwan Challawa ɗin nan shi ke wucewa Wudil har fadamun Haɗeja da Nguru, masaukin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi.

Mai Awon Ruwa: In ana son hujja, a yi sauri. Oksijin a wurin ake auna shi, kafin rana ta ɗaga. A ɗebi lita ɗaya a sama da inda abin ya faru, lita ɗaya a wurin, lita ɗaya a ƙasa. Na maganin ƙwari a kwalbar gilashi, don roba na tsotse shi. Na kuromiyom a roba. A sa a ƙanƙara, a haɗa da kifin da bai gama mutuwa ba, a kai ɗakin gwaji cikin awa 24, a kuma sanar da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Sauran gawarwakin a binne su da zurfi, kada shaho da karnuka su ci, balle a banda su a kai kasuwa.