Ina son fara haɗa kiɗa a ɗakina, me zan fara saya?

Ɗan_Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ina ɗan taɓa piyano, akwai tsohuwar Yamaha PSR a hannuna, kuma ina so in fara haɗa kiɗa da ɗaukar murya a ɗaki, waƙoƙin Hausa masu amshi. Kuɗina ba za su sayi komai a tashi ɗaya ba. Wasu sun ce in koyi manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, wasu sun ce Cubase, wani kuma ya ce makirufon kondensa da sifikun sutudiyo ne farko. Ɗakin na siminti ne, rufin kwano, taga tana kallon titi. Wanne zan fara saya, wanne zan bari sai Allah ya hore?

Injiniyan_Sauti:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sifiku su ne na ƙarshe, ka cire su daga lissafi tukuna. A ɗakin siminti da ba a gyara ba, abin da za ka ji daga sifika rabinsa bango ne ke dawo maka da shi, sai ka yi ta gyaran abin da bai lalace ba.

Kwamfuta ce farko. Laftof ta hannu ta wadatar, irin su ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude masu Core i5 zubi na takwas. RAM kada ta gaza 8GB, in da hali ka kai ta 16GB, domin filogin ɗin kayan kiɗa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙarawa cikin babbar manhaja, RAM suke ci. Abin da ba zan yi maka sassauci a kai ba shi ne SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa. Tsohon hadis mai juyawa shi ke sa waƙa ta riƙa sarƙewa da zarar layukan murya sun yi yawa. In za ka saya a Beirut Road ko wata kasuwa, ka sa a kunna maka ita ta yi kamar minti ashirin tana aiki, ka saurari fankarta, ka taɓa ƙasanta. Mai saurin zafi rage gudu take yi da kanta, kuma a watan Afrilu za ka gane kurenka.

Na biyu sawun kad, wato akwatin da makirufo da piyano ke shiga kafin su isa kwamfuta. Tunda kana da PSR, ka sayi mai ƙofa biyu: Focusrite Scarlett 2i2, Steinberg UR22C, ko Behringer UMC202HD in kuɗin sun yi kaɗan. Scarlett Solo tana da kyau, amma ƙofar layi ɗaya gare ta, ba za ka ɗauki sautin piyano hagu da dama ba. UMC22 kuwa ba ta da diraibar ASIO ta kanta, wato manhajar da ke rage jinkiri tsakanin sawun kad da kwamfuta, da ASIO4ALL ake lallaɓa ta, kuma nan ne yawancin masu farawa ke shan wahalar jinkirin sauti.

Jinkirin nan ka fahimce shi tun yanzu. A saitin sauti akwai abin da ake kira buffer, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi. In ka sa shi 256 a kan 44.1kHz, jinkirinsa kusan milisakan 6 ne. In ka kai shi 1024 ya zama kusan 23, ga na shiga ga na fita, mawaƙi zai ji muryarsa tana biyo shi a baya, ya kasa hawa kiɗa. Lokacin ɗauka ka sa 128 ko 256. Lokacin miksin, wato daidaita murya da kiɗa bayan ɗauka, ka ɗaga zuwa 1024 don kwamfuta ta sarara. In ka ji ƙas-ƙas a sauti, buffer ya yi ƙanƙanta ga ƙarfin na'urarka. Akwai kuma maɓallin Direct Monitor a jikin sawun kad, yana mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta zaga ta kwamfuta ba.

Na uku hedifon mai rufaffen baya, kamar Audio-Technica ATH-M20x, ko M40x, ko Sony MDR-7506. Rufaffe, don kada kiɗa ya zubo daga kunnen mawaƙi ya koma makirufo. Na Bluetooth ba ya wannan aikin sam. Sai makirufo, AT2020 na kondensa ya isa mai farawa.

Mai_Piyano_Zariya:

Injiniya ya gama magana a kan ƙarfe, bari in taɓa manhaja.

Gardamar FL da Cubase ba ta ƙarewa, kuma kowanne da gaskiyarsa. FL Studio ya fi saurin gina kiɗa: ka jera ganguna a Channel Rack, ka zana karin waƙa a Piano Roll, cikin ɗan lokaci ka ji abu ya tashi. Cubase ya fi daɗin hannu wajen ɗaukar murya da yanka ta da jera amshi. Shi ya sa za ka ga sutudiyo da yawa suna yin kiɗa a ɗaya, murya a ɗaya. Kai dai ɗauki guda ka zauna a kansa wata shida. Mai tsalle tsakanin manhajoji uku maɓallai kawai yake haddacewa, kunnensa bai koyi komai ba.

Abin lura a FL: bugun Fruity ba ya ɗaukar murya, sai Producer zuwa sama. Na gwaji kuma yana barinka ka yi aiki ka fitar da waƙa, amma ba zai sake buɗe aikin da ka adana ba sai ka biya. Alherinsa shi ne in ka saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada. UR22C tana zuwa da Cubase AI a cikin kwalinta, ka ga ka huta da sayen manhaja. Akwai kuma Reaper, gwajin kwana 60, lasisin mai amfanin kansa dala 60, kuma ba ya nauyi ko a tsohuwar kwamfuta.

PSR ɗinka aiki biyu za ta yi maka, kada ka haɗa su. In tana da ramin USB TO HOST a baya, wayar firinta ta talaka za ta haɗa ta da kwamfuta ta zama kibod ɗin MIDI. MIDI ba sauti ba ne, saƙo ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, tsawon wane lokaci. Sautin daga filogin zai fito, kuma za ka iya gyara kuskuren yatsa bayan ka buga. In kuwa ainihin muryar piyanon kake so, sarewarta ko gangunanta, sai ka ja waya daga ramin fitar sautinta zuwa ƙofofi biyu na sawun kad. Ƙananan PSR rami ɗaya gare su na PHONES/OUTPUT, don haka ka nemi waya mai kai ɗaya da ta rabu biyu. Tsohuwa mai ramin MIDI zagaye mai fil biyar tana buƙatar wayar MIDI zuwa USB, kuma masu arha sosai suna maƙale nota ta yi ta kuka ba ta saki.

Wani abu da bidiyoyin koyarwa na waje ba za su gaya maka ba: kiɗanmu da yawa a kan uku-uku yake tafiya, 6/8 ko 12/8, su kuwa manhajojin nan a kan 4/4 suke buɗewa. In ka zuba salon kalangu a kan layukan huɗu-huɗu, zai fito a sandare kamar faretin soja. A FL ka canza ma'aunin a saitin aikin, ko ka mayar da Snap, wato layukan da bugu ke sauka a kai, zuwa 1/3 beat. Kada kuma ka daidaita kowane bugu ɗari bisa ɗari a kan layi, ka bambanta ƙarfin bugun, wani da nauyi wani da sauƙi. Shi kalangu ma daɗinsa a matsa tsarkiya yake, sautin ya hau ya sauka. Samfur guda da aka yanka ba zai ba ka wannan ba. In akwai makaɗi kusa da kai, ka kira shi ka ɗauke shi minti biyar a kan gudun da kake so, ka yanka ka ajiye. Zai yi maka amfani fiye da tarin samfuran da kowa ke da su.

Hajiyar_Miksin:

Malam Injiniya, a gafarce ni, a kan AT2020 ban bi ka ba. Makirufo ne mai kyau, amma dubi ɗakin da ya kwatanta: siminti, kwano, bakin titi. Kondensa ba ya zaɓe, zai kwaso hon ɗin Adaidaita Sahu da amsa-kuwwar bango tare da murya, kuma babu filogin da zai cire amon ɗaki ba tare da ya cinye muryar ba. A irin wannan wuri makirufon dainamik ya fi rufa asiri, Shure SM58, ko Behringer XM8500 mai sauƙin kuɗi. Ana rera masa ne dab da baki, don haka murya ke rinjayar hayaniya. Sai dai jabun SM58 sun cika kasuwa, in ka ga farashin ya faɗi ƙasa warwas, ka bar shi.

Ɗan'uwa, ko wanne ka saya, gyaran ɗaki ya fi canjin makirufo tasiri. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙara shiga, kuma ɗan abin da yake sha bai taka kara ya karya ba. Abu mai kauri da laushi ake so. Ka jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, saboda gaban makirufo can yake kallo. Ka rataya bargo mai nauyi a taga da gefe, ka bar ɗan rata tsakaninsa da bango, ka shimfiɗa darduma. Bayan makirufo ya kalli taga, nan ne kurman gefensa. Kada ka tsaya a kusurwa ko tsakiyar ɗaki cif. Ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara: in ka ji wani "ƙirrr" yana bin tafin, da sauran aiki. Fanka a kashe lokacin ɗauka, ko da zufa za ta yi magana.

In kondensa ne, tazarar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, da rariyar iska, wato pop filter, a tsakani. A Hausa rariyar nan dole ce, domin yadda muke furta "f" da leɓɓa biyu iska yake turawa kai tsaye, "ts" da "ƙ" kuma suna fita da ƙyas mai kaifi. Ka ɗan karkatar da makirufon gefen baki, kaifin zai ragu. Ka ɗauka a 24-bit, ka murɗa gain, wato maɓallin ƙarfin shigar murya a sawun kad, har inda mafi ƙarfin waƙar ke taɓa -12 zuwa -6 dB. In jar fitilar sawun kad ta kama, muryar ta fashe, kuma fasasshiyar murya sake ɗauka ce kawai maganinta.

Ɗan_Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tambaya biyu: na ga ana sayar da makirufon BM-800 haɗe da ƙaramin sawun kad V8 da arha, zai yi? Sannan mafi yawan lokaci da janareto muke aiki, akwai matsala?

Injiniyan_Sauti:

Hajiya ta fi ni gaskiya a kan ɗakin, ka bi tata.

V8 na masu hira kai tsaye a waya ne. Ba shi da ASIO, yana da shuu a ƙarƙashin sauti, kuma in ka bar eko ɗinsa a kunne, ya manne da muryar har abada. Ka tara kuɗin ka sayi na gaske sau ɗaya.

Wuta kuwa babbar magana ce. Ƙaramin janareto ƙarfinsa hawa da sauka yake yi, ka sa sitabilaiza tsakaninsa da kayanka, kuma ka nisanta shi da ɗakin don rurinsa yana bin ƙasa da bango. In inbata ce, ka nemi mai pure sine wave, ɗaya nau'in yana zuba zizar ƙara a sauti. In ka ji "huuum" mai kauri, wannan amon wutar 50Hz ne. Gwajin farko: zare cajar laftof. In ya ɗauke, daga caja ne ko rashin waya ta ƙasa a soket, sai ka riƙa ɗaukar murya a kan batir. Ka haɗa duk kayan a soket guda, wayar makirufo ta zama XLR mai fil uku kai da kai, kada ta kwanta jere da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Wutar 48V da ake kunnawa a jikin sawun kad ta kondensa ce: ka soka waya tukuna, ka rage ƙarar hedifon, sannan ka kunna, wajen zarewa ka fara kashe ta. Dainamik ba ya buƙatarta. Da hunturu ka mayar da makirufo jakarsa bayan aiki, ƙura tana kwanciya a fatar cikinsa ta dusashe shi.

Ka kunna adanawa ta kai-da-kai duk minti biyar, kuma ka riƙa kwafe ayyukanka a wani hadis daban. Manhajar sata ma ka guje ta, banda haƙƙin masu ita, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, kuma tana rufewa ana tsakar aiki.

Hajiyar_Miksin:

Ƙari kaɗan a kan abin da zai biyo bayan ɗauka, don kada ka fara farautar filogin ɗari. Waɗanda suka zo da manhajarka sun isa. A murya ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100Hz, can rurin titi da taɓa sanda suke. In ta yi kamar daga cikin kwali, ka rage kaɗan wajen 300Hz. Kwamfuresa, mai daidaita ƙarfin murya, a kan 3:1 ko 4:1, tana danne dB 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi. Kaifin "s" da "ts" yana tsakanin 5 da 8kHz, de-esser ke kama shi. Eko a layi daban za ka ajiye shi ka riƙa aika masa murya, ba a kan muryar kai tsaye ba.

Auto-Tune, filogin da ke daidaita murya a kan nota, sai ka gaya masa makullin waƙar, wato key ɗinta. In ka sa ba daidai ba, zai ja muryar zuwa notar da ba ta cikin kiɗan. Karin waƙoƙinmu da yawa a kan nota biyar yake yawo, ka kashe sauran a cikin filogin ɗin, zai daina tsalle inda ba a aike shi ba. Saurin gyara ka bar shi wajen 20 zuwa 40. In ka kai shi sifili yana daddatse jan wasali da saukar murya, kuma a harshen da karin sauti ke bambanta ma'ana, wannan yana iya sa kalma ta fita ba yadda mawaƙi ya faɗe ta ba. MAutoPitch da Graillon suna da na kyauta in kana son gwaji.

Amshi kuma a rera shi sau biyu ko uku da gaske, a tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe layi guda ka liƙa ƙara kawai yake ƙarawa, ba ya faɗaɗa komai.

Kafin ka ba kowa waƙa, ka saurare ta a sifikar waya, don a nan yawancin mutane za su ji ta. Waya ba ta fitar da bes mai zurfi, in ya ɓace ka ɗan sa masa saturation, wato ɗan kaushin sauti, ya sami abin da ƙaramar sifika za ta kama. Ka ajiye asali a WAV, ka fitar da MP3 a 320kbps, kololuwar ƙara kada ta wuce -1 dB. Wajen turawa mawaƙi ta WhatsApp ka aika a matsayin Document, fayil ɗin zai isa yadda ka fitar da shi.